Garwashi a Gaban Alƙali

A ƙarƙashin babban otal ɗin da ke kallon tashar jirgin ƙasa akwai ɗakin wanki, kuma a ɗakin nan akwai wani mutum da ya daɗe yana tsaye a bakin injin guga, har takalmansa suka cinye fentin simintin wurin. Abokan aiki Baiti suke ce masa. Dogo ne siriri, baƙi wuluk, kafaɗarsa ta ɗan rankwafa saboda yawan sunkuyawa kada kansa ya bugi bututun tururi. Aikinsa shi ne ya kama bakin zanen gado ta gefe ɗaya, wata mata da ake kira Rediyo ta kama ɗaya gefen, su miƙa wa injin. Injin ya haɗiye zanen da danshinsa, ya fito da shi ta baya a miƙe, da zafi, fari tas. Haka ake yi daga safe har la'asar. Masu kwana a kan zannuwan ba su taɓa ganinsa ba, shi ma bai taɓa ganin gadajen ba.

Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Ba ya iya ganin abu ya bar shi yadda yake. In injin busarwa ya fara gurnani, sai ya ce tsohuwa ta tashi da ciwon baya. In shugabar sashe ta sauko daga bene da takalminta mai tsini, tun kafin a ga fuskarta zai ce tsuntsuwa mai ƙwanƙwasa itace ta iso, kowa ya ɓoye ɓawonsa. Kafin a ankara ya ɗaure maganar da amsa-amo, layi biyu ko huɗu, Rediyo ta yi ta dariya har zanen ya karkace a hannunta. Ita ce mai yaɗa baitocin, don ba a banza aka sa mata sunan ba. Abin da ya faɗa da safe, kafin azahar masu wanke-wanken kicin sun haddace.

A garin aka haife shi, a asibitin da ke bayan tasha. Ubansa ne ya zo daga wata ƙasa yana saurayi, lokacin da ake neman masu ɗaukar kaya ido rufe. Mutanen garin fararen fata ne. Baƙaƙen da suka zo aiki aka tara su a unguwar da ke bayan layin dogo, suka yi aure a nan, suka haihu a nan, aka binne su a nan. Duk da haka Baiti bai taɓa wuce wata guda ba tare da wani ya tambaye shi daga ina yake ba. In ya faɗi sunan layinsu sai mai tambayar ya yi murmushi ya ce ba wannan yake nufi ba, asalinsa yake tambaya. Da yana yaro abin yakan ɗaure masa kai. Da ya girma sai ya daina jin komai, ko kuma ya ɗauka ya daina.

Uban mutum ne mai shiru a waje. Ko an zage shi a wurin aiki sai ya ce na gode, ya ɗauki buhunsa. Yakan gaya wa ɗansa cewa baki shi ke yanka wuya, kuma wanda ake kallo a matsayin baƙo a aljihu yake ajiye harshensa. Amma a gida, in ya cire takalma ya miƙe ƙafa, sai labari ya ɓarke. Ba ya kama sunan kowa. Shugaban 'yan dako hadari ne, yau ya haɗo bai zubar ba. Mai duba katin shaida a bakin ƙofa kare ne da aka ɗaure da gajeriyar igiya, shi ya sa yake yawan haushi. Uwar yaran ta yi ta dariya tana cewa ya rufa musu asiri, bango ma yana da kunne. Shi kuwa ya ce ai bai zagi kowa ba, maganar hadari da kare yake yi. A wurin uban nan Baiti ya koyi cewa ana iya faɗin abu ba tare da an faɗe shi ba, kuma ya girma yana ganin wannan ita ce mafakar mara ƙarfi.

A makaranta ya ji sunan abin. Malamar adabi ta koya musu cewa in ka ce mutum kamar zaki yake, ka yi kamance, in kuwa ka jefar da kamar ɗin ka ce mutum zaki ne, ka yi siffantawa. Yaron ya ji kamar an gaya masa sunan wani ɗan'uwansa da suka daɗe suna kwana ɗaki ɗaya. Da aka ba su aikin gida ya rubuta waƙa a kan wata ƙofa mai ido, wadda take duban fuskar mai zuwa kafin ta yanke shawarar buɗewa. Malamar ta tsayar da shi bayan an tashi. Ba ta yi faɗa ba, cikin taushin murya ta tambaye shi a wane littafi ya kwafo. Ya ce shi ya yi. Ta ce babu laifi in ya faɗi gaskiya, ba za ta gaya wa kowa ba. Ta mayar masa da takardar babu maki a kanta. Tun daga ranar bai sake sa waƙa a takarda ba. A ka yake yi, a ka yake ajiyewa.

Da ya gama sakandare ya nemi aikin karɓar baƙi a otal ɗin, don yana da murya kuma ya iya magana. Manajan ya saurare shi har ƙarshe, ya yaba masa, sannan ya ce a gaskiya a ƙasa suke da buƙatar mutum, in wuri ya samu a sama za a tuna da shi. An canza manaja bayan manaja, ba wanda ya tuna. Ya auri wata mai dafa abinci a makarantar firamare, mace mai kaifin hankali da ƙarancin magana. Suka haifi 'ya mace, wadda ta yi aure ta koma wani gari, sai namiji, wanda har ya yi gemu ba a daina ce masa Auta ba. Gidansu ɗaki biyu ne a hawa na uku, tagar kicin tana kallon layin dogo, kofuna suna rawa a kan kanta duk sanda jirgin kaya ya wuce. Rayuwa ce ta lallaɓawa, amma Baiti yana ganin ya ci riba, tunda ya raini yara biyu ba tare da ɗayansu ya taɓa kwana a hannun hukuma ba.

Auta yana aikin kai saƙo a kan babur. Wata rana da hantsi ya kai kaya wani dogon gini a unguwar masu hali, lambar ɗakin da aka ba shi ba ta fito sosai ba, ya riƙa bin ƙofofi yana dubawa. Wani mazaunin ginin ya leƙo ya gan shi, ya kira 'yan sanda ya ce ga wani baƙi yana leƙen gidajen mutane. Da suka zo suka daka masa tsawa, Auta ya kai hannu aljihu don ya ciro waya ya nuna musu saƙon. Bai kai ga cirowa ba. Suka kayar da shi a kan matakala, ɗaya ya danne masa wuya da gwiwa, kulkin ɗayan ya same shi a idon hagu. Kwalin da ya kawo yana gefe, da sunan mai shi a rubuce.

Likitoci suka yi iya yinsu, idon bai tsira ba. Aka ce za a yi bincike, aka yi ta kiran iyalin ofis-ofis, daga ƙarshe aka ce saurayin ne ya yi gardama, jami'an sun yi aikinsu bisa ƙa'ida. Kamfanin kai saƙon ya ce ba zai iya ba mai ido ɗaya babur ba. Auta ya koma gida ya zauna a ɗaki, fuska ga bango. In uwarsa ta kai masa abinci sai ya ce ta ajiye.

Baiti ya ci gaba da zuwa aiki, don ciki ba ya hutu. Amma bakin ya mutu. Rediyo ta yi ta tsokanarsa ko zai tanka, ta ce tsohuwa fa tana gurnani tun safe ba wanda ya gaishe ta, bai ko ɗaga kai ba. Abin da ba ta sani ba shi ne wani abu yana haɗuwa a cikinsa. Yana miƙa zane, injin yana juyawa, kalmomi suna zuwa suna jeruwa da kansu a kan karin injin. Wannan karon ba na dariya ba ne. Ya yi makonni yana juya su kafin ya yarda sun nuna.

Matarsa ya fara rera wa, a kicin, tana yanka albasa. Ta saurara ba ta juyo ba. Da ya gama ta ajiye wuƙar ta share ido da bayan hannu, ba a san ko albasar ce ko waƙar ba.

"Malam, ka cire wutar nan," in ji ta.

Ya ce ta sake saurara da kyau, babu kalmar wuta ko ɗaya a ciki.

"To garwashi ɗan wane ne?"

Ya yi mata bayani cewa ba garwashin murhu yake nufi ba, abin da ke ƙirjin mutum yake nufi, kuma kowa zai gane haka. Ta ce ita ta gane, 'yan unguwa ma za su gane, amma ba su kaɗai ke da kunne a garin ba. Ya ce ubansa ya yi shekaru yana kiran mutane hadari da kare, ba abin da ya same shi. Ta ce ubansa a ɗaki yake faɗa. Daga nan ta koma kan albasarta.

Mutanen unguwa suka shirya taro a zauren da ake ɗaurin aure da zaman makoki, don a nuna wa iyalin ba su kaɗai ba ne. Da rana aka yi. Aka jera kujerun roba, dattawa suka yi jawabi, kowa yana cewa a yi haƙuri, a bi doka. Auta ya zo bisa matsawar uwarsa, ya zauna can baya da baƙin tabarau. Da aka ce ko uban yaron yana da abin cewa, Baiti ya miƙe, bai karɓi makirufo ba. Waƙar doguwa ce, akwai ƙofa a ciki, akwai matakala, akwai kwalin da bai isa hannun mai shi ba. Amma wurin da zauren ya yi tsit shi ne nan:

Ni ne tabon da ke jikin farin zane,
An sa ruwa, an sa sabulu, ina zaune.
Garwashi ne ni, an lulluɓe da toka,
Masu taka ni suna zaton gawayi ne.
Ranar da iska za ta taso ta hura,
Farin zane zai gane ni wane ne.

Ba a yi tafi nan take ba. Wata tsohuwa ce ta fara kuka, sannan zauren ya ɗauka. Baiti bai kalli kowa ba sai ɗansa. Auta ya ɗago kai, karo na farko tun da aka sallamo shi daga asibiti, ya cire tabarau ɗin ya kalli ubansa da idon da ya rage. A hanyar komawa gida shi ya riƙe wa uban jaka. A ranar ya ci abinci tare da su a tebur, har ya nemi ƙari.

Wani a cikin taron ya ɗauki bidiyo da waya. Magana zarar bunu ce, kafin mako ya zagayo waƙar ta fita daga unguwa. Matasa suka riƙa rubuta layin garwashin a bango da jikin riga. Wasu kuma, daga ɗaya ɓangaren garin, suka riƙa yaɗa bidiyon suna cewa ga abin da baƙin nan suke shirya mana. Shugabar sashe ta kira Baiti ofishinta, ta rufe ƙofa. Ba muguwar mace ba ce, ita ta ba shi hutu lokacin da ɗansa ke asibiti. Ta ce ta ji abin da ya faru kuma ta tausaya, amma a sama an ga bidiyon, kuma an lura cewa farin zane yake magana a kai, shi kuwa kowa ya san inda yake aiki. Ya ce mutum da abin da yake gani kullum yake misali, da a gidan burodi yake aiki da fulawa zai ambata. Ta yi ɗan murmushi, ta ce ya dai yi hankali.

Ana wata ga wata. Bayan 'yan makonni, da safe ana tsakiyar aiki, tsohon injin busarwar nan ya kama da wuta. Baiti ba ya wurin a lokacin, ya tura keken kaya zuwa bakin lif don ya karɓo zannuwan hawa na sama. Da ya dawo hayaƙi ya cika ɗakin. Rediyo ta yi ƙoƙarin janye kwandon tawul daga kusa da injin, wutar ta lashe mata hannu har gwiwa. Shi ya cire rigarsa ya naɗe mata hannun, ya fito da ita ta matakalar baya. 'Yan kwana-kwana suka kashe wutar kafin ta hau sama. Ba wanda ya mutu, amma an kwashe baƙin otal an tsayar da su a titi, wasu da rigar barci, kuma 'yan jarida sun zo.

Washegari yana shan shayi aka ƙwanƙwasa ƙofa. 'Yan sanda suka sa masa ankwa a gaban matarsa. Auta ya fito daga ɗaki, ya ga kakin, ya ja da baya ya dafa bango. Abin da Baiti ya tafi da shi a ido ke nan.

A ofishinsu suka kunna masa bidiyon, suka tsayar a kan layin, suka sake kunnawa. Mai tambayar bai ɗaga murya ba. Ya ce shi ba masanin waƙa ba ne, a taimaka masa. Wane ne garwashin? Baiti ya ce shi ne, amma ba shi kaɗai ba, duk wanda aka danne. Mutumin ya rubuta, ya tambaya su wane ne sauran, kuma a ina suke haɗuwa. Baiti ya ce ba ƙungiya ba ce, misali ne. Aka tambaye shi iskar fa, wace rana aka sa za ta taso. Ya ce babu rana. Aka ce to me ya sa ya ce ranar. Duk ƙofar da ya buɗe don ya fita, sai ya tarar ta kai shi wani ɗaki mafi ƙunci. Alƙali ya hana beli, ya ce mutumin da bidiyonsa ya zagaye gari yana iya tunzura jama'a.

Ya yi watanni a tsare yana jiran shari'a. Matarsa tana zuwa duk ranar ziyara, ta shiga motar haya biyu kafin ta iso, ta zauna a bayan gilashi ta ba shi labarin gida: famfon kicin yana ɗiga, 'yarsu ta kira, Rediyo ta fita daga asibiti amma yatsunta biyu ba sa lanƙwasuwa. Ba ta taɓa ce masa ai na gaya maka ba. Da ta faɗa da ya fi masa sauƙi. Auta bai zo ba, ba ya iya shiga wurin da masu kaki suke, amma ya aiko a gaya wa Baba ya tsaya a kan maganarsa, duk unguwa tana bayansa.

Lauyar da hukuma ta ba shi matashiya ce, farar fata, mai tarin shari'o'i da idanun da ba su ƙoshi da barci ba. Ta yi masa gaskiya. Ta ce ba su da shaidar cewa ya kunna wuta, ba wanda ya gan shi, rahoton masana kuma bai fito ba, ba a san ranar fitowarsa ba. Abin da suke da shi waƙar ce kawai, da kuma cewa ba ya wurin lokacin da abin ya tashi. In ya tsaya a kotu ya ce garwashin fushi ne, za a tambaye shi fushi da wa. In ya ce da waɗanda suka nakasa ɗansa, an samu dalili. In ya ce farin zane mutanen garin ne, ya zama mai barazana ga jama'a, wannan kuma laifi ne mai zaman kansa ko da bai taɓa ashana ba. Gaba kura, baya sayaki. Hanya ɗaya ta gani: ya ce waƙar ba ta nufin komai, shi mai wasa da kalmomi ne, duk abokan aikinsa za su shaida, ya jera su ne don ƙarshensu ya yi daidai.

Ya ce mata wannan ita ce magana ɗaya tak da ya taɓa yi a rayuwarsa wadda take nufin wani abu. Ta ce ta sani, ta saurare ta fiye da sau ɗaya, kuma ba don aiki ba. Sannan ta gaya masa yawan shekarun da zai iya samu, ta tambaye shi shekarunsa nawa yanzu, da kuma wanda zai riƙe gidan.

Ranar shari'a kotun ta cika da 'yan unguwa. Auta ya zo, ya zauna a layin baya. Duk da tsoron masu kaki, ya ce sai ya ga Baba ya tsaya a kan maganarsa. Rediyo ta ba da shaida da hannunta a naɗe, ta ce mutumin nan shi ya fitar da ita, kuma injin ya daɗe yana ciwo, har tsohuwa suke ce masa. Mai gabatar da ƙara ya tambaye ta wa ya sa wa injin sunan, ta nuna Baiti, mai gabatar da ƙarar ya ce wato Baiti ya daɗe da sanin raunin injin ke nan. Ta sauko ta koma wurin zamanta.

Sannan aka kira shi. Mai gabatar da ƙara ya karanta layukan da muryar mai karanta takardar magani, ya ɗago.

"Da ka ce farin zane zai gane kai wane ne, me kake nufi?"

Baiti ya kalli lauyarsa, ya kalli matarsa. Bai kalli layin baya ba.

"Ba na nufin komai, ranka ya daɗe."

"Garwashin fa?"

"Kalma ce kawai. Na ga ta zauna daidai a wurin."

"Ba ka fushi da kowa?"

"Ba na fushi da kowa."

"Har da abin da ya sami ɗanka?"

Alƙali ya ɗago kai daga rubutunsa.

"An yi bincike," in ji Baiti. "An ce ba laifin kowa."

Ya ji motsin kujera a baya, ya ji ƙofar kotun ta buɗe ta rufe. Bai juya ba, ya san ko wane ne.

Aka sallame shi saboda rashin hujja. Rahoton masana ya fito daga baya, ya ce ɓurɓushin audugar da ya taru a bayan injin ne ya haɗu da wayar lantarkin da ta tsufa. Jaridun da suka buga hotonsa a shafin farko ba su ga labari a wannan ba. Otal ɗin ya ce an ba wani kamfani kwangilar wankin gaba ɗaya, babu gurbin da zai koma. A unguwa kuwa, waɗanda suka rubuta layinsa a riga suka daina sa rigar. Ba wanda ya zage shi a fuska. Dattawa suka ce ya yi daidai, mai iyali ba ya wasa da kurkuku. Matasa suka riƙa gaishe shi a gajarce suna kallon wani wuri. Wani ya bi bangon tasha ya ƙara kalma ɗaya a ƙarƙashin layin garwashin: toka.

Auta bai yi masa rashin kunya ba. Yana gaishe shi da safe, yana amsa abin da aka tambaye shi. Sau ɗaya Baiti ya shiga ɗakinsa ya zauna a bakin gado, ya fara cewa abin da ya faɗa a kotu ba haka yake a zuciyarsa ba. Auta ya ce ya sani, Baba, ba sai ya yi bayani ba, kowa ya san dalili. Ya faɗe shi da ladabi, kuma ladabin ne ya rufe maganar. Kafin shekara ta ƙare ya haɗa kayansa ya tafi ƙasar da kakansa ya fito, ƙasar da ba shi ba, ko ubansa bai taɓa takawa ba. Yakan kira uwarsa jefi-jefi. Ya samu aiki a wani shagon gyaran waya. Ya ce mutanen kirki ne, fatarsu irin tasa, sai dai da ya buɗe baki suke gane ba ɗan nan ba ne, sunan da suke kiransa da shi ma Bature.

Baiti yanzu yana aiki a wani wurin ajiye motoci, yana zaune a ɗan akurkin gilashi yana ɗaga sanda yana saukewa. Waɗanda suke aiki tare da shi ba su san tsohon sunansa ba, Tsoho suke ce masa, kuma sun san shi a matsayin mutum mai amsa tambaya da e ko a'a. Rediyo takan biyo ta wurin wani lokaci, ta tsaya ta ba shi labarin duniya, ta tafi ba ta samu abin yaɗawa ba.

A 'yan watannin nan wani ciwo ya kama shi a ƙirji, matarsa ta matsa sai da suka je asibiti. Suka yi layi tun safe. Likitan, wani saurayi mai fara'a, ya sa masa abin awo, ya ce ya kwatanta masa yadda ciwon yake. Kamar suka ne, ko kamar an ɗora masa dutse, ko kamar ƙuna? Matar ta juya ta kalli mijinta. Ta ga leɓensa ya motsa, ta ga ya haɗiye misalin da ya zo masa baki.

"Ciwo ne kawai, likita," in ji shi.

Likitan ya ce hakan ba zai taimaka masa sosai ba, amma ya rubuta gwaje-gwaje, ya ce su dawo da sakamako. Suka fito. Ana yayyafi, motar unguwarsu ba ta zo ba tukuna. Ta buɗe lema ta miƙa masa don ya fi ta tsawo, suka tsaya a bakin titi suna jira.